Rumbun Gayya da Matsalar Tsani: Wikidata da Mai Jin Hausa

Aikin gayya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Da shi ake nome gonar da ta fi ƙarfin mai ita, da shi ake ɗora jinka, da shi kuma aka tayar da ganuwar birane a zamanin da. Abin da ya zo sabo shi ne gayyar tara ilmi, watau dubban mutane waɗanda ba su san juna ba, ba sa ma jin harshen juna, su riƙa zuba abin da suka sani cikin rumbu guda, kowa kuma ya ɗiba ba da ko anini ba. Mafi girman irin wannan rumbu a yau shi ne Wikidata, ƙanwar Wikipedia, wadda reshen ƙungiyar Wikimedia na ƙasar Jamus ya buɗe ranar 29 ga Oktoba, 2012, a ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Denny Vrandecic. Zuwa ƙarshen 2022 abubuwan da aka shigar cikinta sun haura miliyan 100: mutane da garuruwa da koguna, littattafai da cututtuka da taurari.

In dai batun cika ne, rumbu ya cika ya tumbatsa. Sai dai rumbu irin na karkara bakinsa a sama yake, wanda ba shi da tsani sai ya kewaye shi ya wuce da yunwarsa. Halin da mai jin Hausa kaɗai yake ciki ke nan game da Wikidata. Wanda ma ya sami tsanin, sau da yawa abin da yake ɗibowa bai san tsaba ce ko ƙaiƙayi ba, domin yadda ake nuna masa bayani yakan ɓoye abin da zai auna bayanin da shi. Waɗannan matsaloli biyu, ta shiga da ta gani, sun fi ƙarancin bayanai tsanani, kuma akwai kason da ya hau kan sassan Hausa na jami'o'i wajen magance su.

Ya kamata a fara da yadda aka tsara rumbun, domin da yawa daga cikin masu cin amfaninsa ba su taɓa jin sunansa ba. Wikipedia zube ce, jimla na bin jimla kamar a littafi. Wikidata kuwa ba ta da zube. Kowane abu ana ba shi lamba mai farawa da harafin Q: Nijeriya Q1033, Nijar Q1032, harshen Hausa Q56475. Lambar ba ta da harshe, a jikinta ake rataya sunan abin cikin kowane harshe, da ɗan gajeren bayani, da sauran sunayen da ake kiransa da su. A ƙarƙashin wannan sai a jera da'awowi, kowace da gaɓa uku, watau abin, da siffarsa, da amsa. Alal misali: Abubakar Imam, wurin haihuwa, Kagara. Siffofin ma lamba gare su, mai farawa da P, kamar P569 ta ranar haihuwa da P1082 ta yawan jama'a. Har ila yau kowace da'awa ana iya ɗaura mata ƙaidi mai cewa yaushe ne ko ta wace hanya aka auna, da madogara mai cewa wa ya faɗa, da kuma daraja, ko zaɓaɓɓiya, ko matsakaiciya, ko yasasshiya.

Amfanin wannan tsari a fili yake. In an gyara shekarar rasuwar mutum a wuri guda, duk wata Wikipedia da ke janyo bayanin daga rumbun ta gyaru, harsunan Wikipedia kuwa sun haura 300. Bugu da ƙari an saki bayanan ba tare da wani haƙƙin mallaka ba, saboda haka kamfanoni da ɗakunan karatu da na'urorin da ke amsa tambaya duk suna ɗiba. Kamfanin Google ma da ya rufe nasa rumbun mai suna Freebase a 2016, ga Wikidata ya miƙa abin da ke ciki. Ke nan kuskuren da aka zuba a nan ba ya tsayawa a nan.

Matsalar tsani ita ce mai sauƙin bayani. Wanda ya buɗe shafin wani mashahurin mutum a Wikidata zai tarar da dogon jerin akwatuna, a ƙarshensu kuma tulin lambobin da ɗakunan karatu na Turai da Amurka suka ba mutumin, waɗanda ba su da wani amfani ga ɗalibin da ke son sanin inda aka haife shi. Tun 2015 akwai hanyar yi wa rumbun tambaya, kuma tana da ban mamaki. Tana iya zaƙulo marubutan da aka haifa a ƙasar Zazzau kafin 1950, ta jera su bisa shekaru, har ta zuba garuruwansu a kan taswira. Amma sai an yi tambayar da wani harshen na'ura mai suna SPARQL, wanda kalmominsa na Ingilishi ne, kuma sai an san lambobin abubuwa da na siffofi. An ƙirƙiro wasu kayan sauƙaƙawa, irin su Reasonator na Magnus Manske, mai shirya bayanan su yi kama da shafin da mutum zai karanta, amma ba kowa ya san da su ba. Daɗin daɗawa, an shafe fiye da shekara goma ba a iya gyara da'awa ta fuskar da aka yi domin wayar hannu, alhali kuwa waya ita ce kwamfutar talaka a Kano da Maraɗi.

Gyaran waɗannan yana hannun masu fasahar na'ura. Akwai kuma wanda ba ya hannunsu. Dubban maƙaloli a Wikipedia ta Hausa suna ɗauke da ɗan akwati a gefe, wanda ke janyo bayaninsa kai tsaye daga Wikidata. Duk abin da ba shi da suna da Hausa a rumbun, sai akwatin ya fito da sunansa na Ingilishi. Shi ya sa mai karatu kan ga layi biyu da Hausa, na uku da Ingilishi, kamar riga mai maho. Na'ura ba ta yi laifi ba, abin da ta tarar shi ta kawo. Siffofin Wikidata sun haura 10,000, amma mafi yawansu lambobin kundayen waje ne, waɗanda ke fitowa a akwatunan yau da kullum kuwa ba su taka kara sun karya ba. Siffa guda in ta sami sunan Hausa mai kyau, akwati dubu ya gyaru a lokaci guda. Da wuya a sami wani aikin raya harshe da ƙaramar wahala ke haifar da riba irin wannan.

Amma fa ba aikin kowa ba ne. Akwai siffa P31 mai cewa wannan abu ɗaya ne daga cikin wani jinsi, kamar a ce Kano birni ne. Akwai kuma P279 mai cewa wannan jinsi reshe ne na wani jinsi, kamar a ce birni wani nau'i ne na mazaunin mutane. Wanda ya fassara su biyun da kalma guda ya rushe ginshiƙin da rumbun duka yake tsaye a kai. Raba irin waɗannan ma'anoni da samar musu keɓaɓɓun kalmomi shi ne ainihin aikin da aka horar da manazarcin harshe a kai.

Matsalar gani ta fi wannan zurfi, kuma ba Bahaushe kaɗai ta shafa ba, ko da yake misalanta sun yi yawa a ƙasarsa. A ɗauki yawan jama'a. An yi ƙidaya a Nijeriya a 1962 aka soke ta. An sake a 1963 aka ce mutum miliyan 55.6. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, ita ma gwamnatin Janar Murtala ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da 88,992,220, ta 2006 kuma 140,431,790. A wannan ta ƙarshe aka ba Jihar Kano 9,401,288, Jihar Legas 9,113,605, gwamnatin Legas kuwa ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Daga 2006 duk wata lamba da aka bayar kiyasi ce, ba ƙidaya ba. To, duk wannan taƙaddama Wikidata tana da wurin ajiye ta: kowace lamba da shekararta, da hanyar da aka samo ta, da wanda ya faɗe ta, wadda aka soke kuma a ba ta darajar yasasshiya tare da dalili. Amma ɗan akwatin da mai karatu ke gani, da na'urar da ke amsa tambaya, lamba guda sukan tsinto su miƙa masa. In an ci sa'a su haɗa da shekara, madogara kuwa da sauran lambobin da ke jayayya da ita sun zauna a baya. Rumbu ya ajiye shakka, mai rabo ya tace ta ya zubar.

Ga wani misalin da ya fi wannan ban tsoro. A ƙidayar 1963 Lardin Kano ya sami kimanin mutum miliyan 5.8. A ƙidayar 1991 Jihar Kano ta sami kimanin miliyan 5.8. Na'urar da aka ce ta zana hoton ƙaruwar jama'ar Kano za ta ja layi miƙaƙƙe, mai kallo ya ɗauka shekara 28 ba a ƙaru da kowa ba. Abin da layin bai faɗa ba shi ne an yanke Jigawa daga Kano a watan Agusta na 1991, watanni kaɗan kafin ƙidayar, ta tafi da mutum kusan miliyan 2.9. Lambobin biyu kowace daidai take da abin da aka buga, hoton da aka haɗa da su kuwa ƙarya ne tsagwaronta. Haka abin yake ga Katsina da aka cire daga Kaduna a 1987, da Kebbi da Zamfara da aka cire daga Sakkwato a 1991 da 1996. Mutumin da aka haifa a Haɗeja a 1960 ba a Jihar Jigawa aka haife shi ba, ba kuma a Jihar Kano ba, domin ba a kafa jihohi ba sai 1967. Akwai ƙaidin farkon lokaci da na ƙarshensa domin irin wannan, amma sai wanda ya san tarihin wurin ne zai tuna ya sa su, kuma sai an tsara akwatin yadda zai nuna su.

Shekarun tarihi ma haka. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a shekarar 999, Muhammadu Rumfa kuma daga 1463 zuwa 1499. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, shekarun kuwa lissafo su aka yi ta hanyar komawa baya. Kuskuren shekara biyu a mulkin sarki ɗaya ya isa ya gusar da duk waɗanda suka gabace shi. Lamba 999 in ta fito ita kaɗai a akwati, sai ta yi kama da ranar da aka rubuta a rajistar asibiti. Sarauniya Amina ta Zazzau kuwa, wannan littafin ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana tarihi kuma sun kai ta ƙarni na 16, suna farawa da 1576. Tazarar ta wuce shekara 130. Abin da ya dace da mai karatu shi ne ya ga ra'ayoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, kowane da mai shi, ba a zaɓar masa ɗaya a ɓoye ba.

Akwai kuma gurbin da rumbun bai tanada ba sam. Kalanda biyu kurum Wikidata ta sani wajen shigar da kwanan wata, duka na Turawa, watau ta Girigori da ta Juliyas. Malaman ƙasar Hausa kuwa da Hijira suka rubuta tarihinsu, har suka riƙa ƙunshe shekara cikin ramzi a ƙarshen waƙa. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1168 ta Hijira, ya rasu a 1232, watau 1754 da 1817. Shi an san watan haihuwarsa, shi ya sa aka iya tsayar da 1754. Amma shekarar 1168 ta fara ne a Oktoba 1754 ta ƙare a Oktoba 1755, saboda haka duk malamin da shekara kawai aka sani game da shi, mai juya ta zuwa Miladiyya tilas ya yi caca tsakanin shekaru biyu, sa'an nan cacar tasa ta fito a akwati kamar tabbas. Neman a gyara wannan haƙƙi ne na masu wannan al'ada, daga Sakkwato har zuwa ƙasashen Larabawa da Farisa. Kafin a gyara, mafi ƙarancin abin yi shi ne a rubuta shekarar Hijira a cikin madogara yadda take a asali.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a cikin wannan magana ba. Malaman hadisi tun da daɗewa suka raba matani da isnadi, suka ce magana ba ta da nauyi sai an san bakin da ta fito, suka kuma yi wa ruwayoyi darajoji. Wikidata a ƙa'idarta ba ta cewa abu kaza gaskiya ne, cewa take wane ya ce abu kaza. Wannan ƙa'ida ce mai kyau. Illar ita ce matani ake bugawa da manyan baƙaƙe, isnadi kuwa a naɗe yake sai an danna, da'awar da ba ta da madogara ko ɗaya kuma tana zaune da kama iri ɗaya da wadda ke da goma. Da za a bambanta su a ido, ko da launi ko da wata 'yar alama, a nuna wadda ba ta da mai ita, a nuna wadda ake jayayya a kanta, da an koya wa miliyoyin masu karatu tambayar da ta fi kowace amfani ga mai neman ilmi, watau “in ji wa?”

Daga nan wata matsalar ke ɓullowa. Madogarar da rumbun ke karɓa ita ce wadda wani zai iya komawa ya duba. Mafi yawan abin da aka sani game da makaɗan fada da maroƙa da masu sana'o'in gargajiya kuwa a baka yake, kuma mai gayya ba shi da izinin rubuta cewa kakarsa ce ta gaya masa. Masu kukan cewa wannan ƙa'ida ta zalunci al'ummun da ilminsu na baka ne suna da hujja. Amma ba gaskiya ba ne cewa ba a rubuta ba. Shekara da shekaru ɗaliban Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai suna fita ƙauyuka da rikoda, suna dawowa da kundayen digiri a kan rayuwar makaɗi kaza da tarihin sarautar gari kaza. Kundayen nan suna jibge a kantocin sassa, ƙura na ci, gara na jira. Ga kuma abin da ke Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kundin da aka shigar da sunansa da marubucinsa da shekararsa da wurin ajiyarsa ya zama abin da za a iya jingina da'awa a kansa. Wanda ba a shigar ba, a wurin rumbun tamkar ba a taɓa rubuta shi ba.

Batun sunaye ba ya buƙatar dogon bayani. Garin da taswira ke kira Zinder, Bahaushe Damagaram ya sani. Tahoua Tawa ce, Niamey kuma Yamai. Shehu kansa yana da rubutun suna na Hausa da na Ingilishi da na Larabci. Gurbin sauran sunaye an yi shi ne domin wannan, kuma a nan ya kamata a sa rubutun ajami, da rubutun da ba shi da ƙugiya saboda mai wayar da ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, da kuma bambancin da ya rage tsakanin Nijeriya da Nijar bayan taron daidaita rubutu na Yamai a 1980, kamar 'y da ƴ. Sarautu sun fi wuya. Galadiman Katsina da Galadiman Kano da Galadiman Borno suna ɗaya gare su, amma ba kujera ɗaya ba ce, ba kuma aiki ɗaya ba. Wanda ya haɗa su a lamba guda ya dagula tarihin masarautu uku, kuma baƙo ba zai taɓa lura ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda sassan Hausa suka fi kowa abin cewa shi ne ɓangaren kalmomi. A watan Mayu na 2018 aka buɗe wa Wikidata wani sashe na ƙamus, inda kowace kalma ke da lamba mai farawa da L, tare da ajinta na nahawu, da sigoginta, da ma'anoninta. A 2020 aka amince da wani shiri mai suna Abstract Wikipedia, wanda burinsa shi ne a rubuta bayani sau ɗaya ba cikin wani harshe ba, sa'an nan na'ura ta mayar da shi jimloli cikin kowane harshe ta hanyar amfani da wannan ƙamus da ƙa'idojin nahawu. A 2021 aka zaɓi wasu 'yan harsuna domin a fara da su, Hausa na ciki, tare da Ibo da Bangali da Malayalam, da kuma Dagbani na Gana. Dandalin ajiye ƙa'idojin, Wikifunctions, an buɗe shi a 2023.

Domin na'ura ta iya cewa Abubakar Imam marubuci ne, Nana Asma'u kuma marubuciya ce, sai ta san jinsin mutum, da sigar mace ta sunan sana'a, da inda ake sa ne da inda ake sa ce. Sai ta san cewa ana cewa gidan sarki amma gonar sarki. Sai ta san cewa jam'in gida gidaje ne, na doki dawaki, na sarki sarakuna, na ƙasa ƙasashe, abin da ba ƙa'ida guda ce ke haifar da shi ba, tilas a shigar da shi kalma kalma. Sai ta san cewa garin da ake zama da garin da ake tuƙawa rubutunsu ɗaya amma kalmomi biyu ne, haka kukan da ake yi da kukar da ake miya da ita, kuma tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Sai ta san saya da sayi da saye da sayo da sayar, watau rukunonin aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Duk wannan darasin ajin farko da na biyu ne a kowane sashen Hausa. Ba a kuma iya kwafo shi ɗungurungum daga ƙamusun da ake da su, domin sakin haƙƙin mallaka da rumbun ya shar'anta bai ba da damar ɗaukar bayanin wani ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 madogara ne da za a ambata, ma'anar kuwa sai a sake rubuta ta.

In masana ba su yi ba, wani zai yi, kuma an ga yadda hakan ke ƙarewa. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke wanda ba ya jin harshen Sukot ya rubuta fiye da maƙala 20,000 a Wikipedia ta wannan harshe, yana ɗaukar jimlar Ingilishi yana sauya mata haruffa. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma shekaru aka yi ana ɗaukar rubutunsa a matsayin samfurin harshen. Wikipedia ta harshen Sebuwano na ƙasar Filifin ta haura maƙala miliyan 6, mafi yawansu na'urar wani mutumin Siwidin ce ta zuba su. Hausa ba ta tsira daga wannan hatsari ba. Matasan da ke hidimar Wikipedia ta Hausa sun cancanci yabo, domin sun ɗauki kayan da manya suka ƙi taɓawa. Amma duk gasar da ke ba da kyauta ga wanda ya fi yawan shigarwa, ba ga wanda ya fi inganci ba, tana kiran fassarar na'ura da ba a duba ba. Sa'an nan na'urorin fassara su koma su koyi Hausa daga wannan rubutu, su ƙara haifar da irinsa. Tun da Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, masu buƙatar sunaye da kalmomin ilmi da Hausa sai ƙaruwa za su yi, kuma abin da suka tarar a waya shi za su ɗauka.

Malamai da yawa suna ƙyamar wannan fage, kuma dalilansu ba na banza ba ne. Suna cewa rumbun da kowa ke iya sa hannu ba abin dogaro ba ne, kuma aikin da ba a buga shi da sunan mutum ba, ba ya cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Na biyun gaskiya ne, kuma hukumomin jami'o'i ne za su iya sauya shi. Na farkon kuwa yana da amsa. Kowane gyara a Wikidata yana da tarihi a buɗe, da sunan mai yin sa da lokacin da ya yi, ana kuma iya mayar da shi da danna guda, abin da ba a iya yi wa kuskuren da aka buga a littafi. Ban da haka, ƙauracewar malami ba ta hana ɗalibinsa ɗiba daga rumbun, sai dai ta hana a tace abin da yake ɗiba. Lokacin da aka kafa Hukumar Fassara, da lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, akwai masu ganin boko ba wurin da malami zai sa hannu ba ne, amma waɗanda suka shiga su ne suka tsara Hausar da ake karantarwa a yau.

Ba a buƙatar sabon gini ko tallafin ƙasashen waje domin a fara. A darasin ginin kalma, maimakon jingar da ake rubutawa a takarda a jefa a kwali, ana iya ba kowane ɗalibi sunaye ashirin, ya kawo jinsin kowane da jam'insa da karin sautinsa da ma'anarsa cikin kalmominsa, da shafin ƙamusun da ya duba. Malami ya gyara, sa'an nan a shigar. Aji mai mutum hamsin ya ba da kalma dubu a zango guda, kowace ta bi ta hannun masani. A darasin fassara ana iya ɗaukar siffofin da suka fi fitowa a akwatuna a yi muhawara a kan sunayensu, a aika wa takwarori na Yamai da Damagaram su duba kafin a tsayar. Ɗaliban adabin baka kuwa su fara da kantar sashensu, su shigar da kundayen da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, daga mafi tsufa, tun da su ne takardarsu ta fara rubewa.